Amsa ga mai tambayar garin besan

'Yar uwa, kin ce an kawo miki garin besan tsaraba, kina son girkin da ba ya cika maiƙo saboda ciwon sukarin Baba, amma kin rasa ta inda za ki fara.

Garin wani wake ne mai kama da gurjiya, Indiyawa ke yawan girki da shi. A giram 100 akwai furotin kusan giram 22, kuma ba shi da gulutin, sinadarin da ke sa ƙullun alkama yin danƙo.

Ni wainar tanda nake yi da shi. Gari kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, ki dama har gudajin su mutu, ki rufe ya huta minti 30. Ki zuba albasa, attaruhu da yankakken alayyahu ko zogale, ki shafa mai kaɗan a tanda, wuta ƙasa-ƙasa. Idan gefen ya fara ɗagowa, ki juya. Yana yin alale ma, babu wahalar surfe.

Kada ki ɗanɗana ƙullun ki tsorata, ɗanyensa ɗaci gare shi, sai ya dahu sosai yake bari. Farkon yina na ɗauke shi da wuri, yara suka ture faranti. Kuma in kika tsoma shi a mai kamar ƙosai, an koma gidan jiya. Ku fara da kaɗan, yana kumbura ciki. Da zafin Kaduna yakan yi ƙwari, ki ajiye a firij.

Batun Baba kuwa, garin yana da sitaci. Ku tambayi likitansa yawan da zai ci, musamman in yana allurar insulin.