Ciko iri biyu ne a sana'ar nan, yarinya

Na saurari saƙon muryarki tun daren jiya, na ƙi amsawa ne don raina ya ɓaci, kuma ba ke kika ɓata min ba. Kin ce, "Anti, gashin idon da nake sa wa mutane ba ya kai sati biyu yake fara zubewa, ko gam ɗin ne ba shi da kyau?" To wannan maganar ta gam ba shi da kyau, da ita aka taɓa jifa ta a bakin shagona, a gaban maƙwabta, kuma har gobe in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwaro.

Watan Disamba ne, hunturu ya kankama a Kano, bukukuwa sun yi yawa har abinci a tsaye muke ci. Wata Hajiya ta sauko daga mota, ta ce ita ce ƙanwar uwar amarya, tana so a sa wa amarya da ƙawayenta shida. Muka yi ciniki, ta ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku, ta ce ciko sai bayan dina. Na kalli gwal ɗin da ke wuyanta da awarwaron hannunta, na ji nauyin in ce sai an biya duka. Wannan kunyar ce ta ci ni.

Talata da Laraba na rufe shago saboda su, na mayar da kwastomomina na kullum. Mutum bakwai, kowacce kusan awa biyu a kwance, ni kuma a duƙe. Ta amarya na bari ƙarshe, na yi mata da natsuwa, sili ɗaya bayan ɗaya, har bayana ya riƙe. Da ta duba madubi sai da ta rufe baki don murna.

Juma'a da safe, ranar kamu, sai ga Hajiya ta dira da amarya a bayanta. Tun daga bakin titi take ɗaga murya, wai na yi musu aiki da gam ɗin banza, duka bakwai ɗin sun zube, ba za ta ƙara ko sisi ba. Idon amarya na dama kuwa rabi ya tafi, gaskiya ne. Amma tun kafin yarinyar ta shigo ƙamshi ya riga ta shigowa. Fatarta sai sheƙi take, ga rawayar kurkur a gefen goshinta. Na ɗauki auduga na goga a fatar idonta, ta fito sharkaf da mai. Na ce, "Amarya, yaushe aka fara miki dilka?" Ta sunkuyar da kai, ta ce daren Laraba. Wato daga shagona aka wuce da ita hannun mai gyaran jiki da aka ɗauko daga Maiduguri. Aka mulke ta da dilka da mai har fuska, aka lulluɓe ta da bargo a kan kaskon turare tana zufa, aka bi da tawul aka dirje. Dare biyu ana haka. Ko da siminti na manna gashin nan ai sai ya sauka.

Amarya ta sa kuka, tausayi ya kama ni, na sake mata kyauta. Ranar Lahadi yarinyar da ke taya ni aiki a lokacin ta miƙo min waya, ta ce Anti duba. Hotunan dina ne a Instagram. Ga ƙawaye shida sun jeru da ankonsu, gashin idon kowacce a tsaye cas, ko sili ɗaya bai motsa ba. Na kira Hajiya har sau nawa, ba ta ɗauka, daga baya ta toshe lambata. Da na aika mata ta hannun wata da ta san gidan, sai aka dawo min da cewa in yi haƙuri, an sha hidima. Kuɗin nan da shi na ƙulla niyyar cika kuɗin hayar shago. Sai da na sayar da 'yan kunnena.

To shi ya sa kike ji ina tambayar kowace amarya, "An gama gyaran jiki?" kafin ta kwanta. Kina ɗauka surutu ne. In ba a gama ba, ta tashi ta tafi, ta dawo in an sauke kasko. Gashin ido shi ne ƙarshen kwalliya, bayan dilka, bayan halawa, bayan turare. Kuma kuɗina cif kafin in buɗe kwalba, ko matar waye.

Batun yadda ake riƙe hantsaki, da ware sili ɗaya, da barin ɗan tazara kada gam ya taɓa fata, ba zan ɓata yawuna ba. In wata takwas a gabana bai koya miki wannan ba, saƙon waya ba zai koya miki ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne gam ɗin nan da laimar iska yake bushewa. Dangin supa gulu ne, an dai tace shi don aikin ido, kuma sai ya samu danshi yake kamawa. Yawancinsu suna son laima tsakanin kashi 45 zuwa 60, an ma rubuta a jikin kwalin, ku ne ba kwa karatu. Mu kuwa a nan in hunturu ya yi ƙarfi laimar takan sauka ƙasa da kashi 20. Sai ki ɗora silin, ki saki, gam bai kama ba, ya karkace ko ya manne da na kusa da shi. Da damina kuma, wajen watan Agusta, abin ya juye: kafin ki kai hannu daga ɗigon gam zuwa ido ya riga ya fara bushewa, sai ya zauna a kai kamar ya kama, kwana uku ya faɗo. Kuna zaune kuna kallon 'yan Legas da 'yan Ingila a TikTok kuna kwaikwayo, an gaya muku iskarsu ɗaya da tamu? Ɗan agogon nan da na rataye kusa da gadon aiki, da kike tsammanin na ado ne, laima yake aunawa. In ya yi ƙasa, kunna na'urar da ke fesa tururin ruwa, in babu wuta ki rataya jiƙaƙƙen tawul ki rufe ƙofa. Kuma kashe fankar da ke kan kwastoma.

Sannan kwalbar da aka buɗe ba ta wuce wata ɗaya, in ta yi nisa sati shida. Na san halinku, sai kun matse ta har ta koma kamar kunun kanwa saboda tsada. Ki girgiza ta sosai kafin aiki, ki sake sabon ɗigo duk bayan minti 15 zuwa 20, ki goge bakinta, ki ajiye ta a tsaye cikin gwangwani mai murfi da ɗan ɗanyar shinkafa a ciki, nesa da rana. Baƙin gam ɗin nan na manna gashin kai kuwa, ranar da na gan shi a jakarki, ranar za ki bar shagona.

Sauran rabin aikin yana hannun mai idon. Matanmu da hunturu ba sa rabuwa da basilin da man kaɗanya, ga kwalli da ake rambaɗawa kullum. Mace ta zo da maiƙo a gindin gashin ido, ke kuma don sauri ki ɗora a kai ba ki wanke ba, me kike jira? Wanke ki busar tukuna. In za ta tafi, ki ba ta ɗan buroshin tajewa, ki ce kada ruwa ko tururi ya taɓa wurin sai bayan kwana ɗaya, kada ta kwana rub da ciki, kada ta murza ido, kada ta tsiga in ɗaya ya karkace. Bayan nan ta riƙa wankewa a hankali da sabulu marar mai. Wasu sai su ƙi wankewa gaba ɗaya wai suna tattali, datti ya taru, fatar ido ta kumbura, a ce ke ce. Maganar kwana ɗayan nan ki faɗa mata tun kafin ta kwanta, don akwai alwala, shi ya sa da yawa suke zuwa lokacin da suke fashin salla. In ta tambaye ki hukuncin abin, ki ce ta tambayi malaminta. Kada ki kuskura ki zama mai fatawa a shagona.

Ko kin yi komai daidai, gashin ido na mutum yana zubewa da kansa, 'yan silalla kullum, wani na fitowa, kuma in ya faɗi da naki zai tafi. Ki duba wanda ya faɗo: in da silin mutum a manne a jikinsa, aikinki ya yi. In shi kaɗai ya faɗo, laifin naki ne ko na maiƙo. Don haka ake dawowa ciko bayan sati biyu zuwa uku. Duk wadda ta ce miki nata yana wata biyu ba ciko, tallan kanta take yi.

Ku yaran yanzu kwas ɗin sati biyu kuke yi, ku buga takarda mai ado, ku buɗe shafi, a fara kiran ku da sunan kamfani. Ni sai da na shekara ina wanke hantsaki da share shago kafin a bar ni in taɓa idon mutum.

Gobe ki zo ƙarfe takwas, kafin kwastoma ta farko. Ki taho da kwalbar gam ɗin naki in gani, kuma ki tuna ranar da kika buɗe ta, don zan tambaya.