Kuɗin kwalliya da kuɗin ƙarin ƙarfi: wanne ke dawowa ranar sayar da mota?

Wani matashi mai shagon shadda a Babbar Kasuwar Katsina ya aiko da tambaya. Ya sayi Hyundai Genesis Coupe mai ƙofa biyu, ƙirar 2010, kuma ya ware naira miliyan ɗaya da rabi don ya gyara ta. Abokansa sun rabu biyu: wasu sun ce a ƙara wa inji ƙarfi, wasu sun ce a sa manyan tayoyi da sabon fenti. Niyyarsa ya hau ta shekara biyu ya sayar.

To ƙanena, tunda ka ambaci sayarwa, maganar ta zama ta kasuwa. Ranar da ka kai ta gun dillalai, mai saye zai zo da bakanikensa, kuma abin da zai fara yi shi ne buɗe bonet. Da ya ga an taɓa ƙwaƙwalwar motar, an sauya salansa, sai ya girgiza kai ya ce “an yi wasan mota da ita”. Daga nan tayi ya faɗi, kai ne za ka koma kana roƙon a ƙara.

Injin naka lita 2.0 ne mai tarbo, ƙarfin doki 210. Ana iya matsa shi ya ba da fiye da haka, amma zafi zai ƙaru, ga ranar Afrilu a Katsina tana haura digiri 40. Buɗaɗɗiyar matatar iskar nan da samari ke so kuwa, da hunturu ƙura take shayar da inji. Ga shan mai, kuma ka san yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. In gudu ne ya tsone maka ido, akwai 'yar'uwarta mai silinda shida, lita 3.8, doki 306. Ka sayar da taka ka cika, ya fi maka arha.

Kwalliya ta fi ƙarancin asara, in ka tsaya ga abin da ake iya cirewa. Ka sa sababbin ƙafafu, amma ka adana na asali a gida. Kada ka yarda a rage mata tsawo: dama a ƙasa take, tudun rage gudu ɗaya zai kwashe maka bamba, siririyar taya kuma ba ta shiri da rami. Fenti ka sabunta launin da ke cikin takardunta.

Ni da kuɗin a hannuna suke, birki da tayoyi masu kyau da lagireto zan fara yi, sai kujeru da na'urar sanyaya ciki, don nan mai saye ke sa hannu ya taɓa. Da wuya wannan ya cinye kuɗin duka. Ragowar ka mayar shago ka ƙaro shadda kafin azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ke tashi.