Muryar da injiniya ya turo kan bututun ruwan rufin sitadiyam

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na saurari tambayarka. Ka ce ka ga hoton rufin wani katafaren filin wasa, bututun ruwan saman 'yan sirara ne, a kwance ɗoɗar ba gangara, masu saukowa ƙasa kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, shi ne kake cewa anya ba ɗan kwangila ne ya yi ƙwange ba. To ranka ya daɗe, ba ƙwange ba ne, da gangan aka yi shi haka. Tsarin saifon ke nan, wato bututun ne ke zuƙo ruwan da kansa.

Bari mu fara da lissafi. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. To a ce rufin murabba'in mita 30,000 ne, aka tsuge da ruwa milimita 100 a awa guda. Lita miliyan 3 fa ke nan, sama da lita 800 a kowace daƙiƙa. Kuma rufin nan ba shi da ginshiƙi ta gaba, don kada a tare wa 'yan kallo fili. To ta ina za ka bi da ruwan?

A tsarin da muka saba, ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai yake ci na cikin bututu, sauran duk iska ce. Shi ya sa sai ka sa ƙaton bututu, ka ba shi gangara, ka jera masu saukowa birjik, kowanne kuma a haƙa masa hanya a ƙasa. Shi kuwa saifon, a bakin kowace mashigar ruwa akwai wani ɗan faranti da ke hana ruwan yin juyi ya ja iska. Da ruwa ya yi ƙarfi sai bututun ya cika taf. Wanda ke faɗowa ta bututun tsaye, nauyinsa sai ya riƙa janyo na bayansa, kamar dai yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo: da ya kama, shi ke nan, sai dai in iska ta shiga. Tsayin ginin shi ne injin. Babu famfo, babu lantarki. Shi ya sa na kwancen ba ya buƙatar gangara, ana iya jan sa a ƙarƙashin rufi har can bayan kujeru, a sauke shi ta kusurwa guda. Gudun ruwan ma yana wanke cikin bututun.

Abin ba sabo ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Olavi Ebeling, shi ya ƙirƙiro shi a wajajen ƙarshen shekarun 1960, yanzu kamfanoni irin su Geberit da Wavin kowa da nasa samfurin. Ingila ma tana da ƙa'idarsa a rubuce, BS 8490.

Amma fa, kuma nan ne nake so masu aikin gini na cikinmu su kasa kunne, tsarin nan ba ya son shisshigi. Da kwamfuta ake lissafa kaurin kowane guntun bututu da kowace kwana, don mashigar da ke nesa da wadda ke kusa su ja ruwa daidai wa daida. In ta kusa ta riga shanye nata ruwan, sai ta fara shan iska, zuƙar ta karye, can nesa kuma ruwa ya taru ya yi ambaliya kan mutane. To ka ga in mai haɗa fayif ya zo ya tarar da ƙarfe ya tare masa hanya, ya ce bari in ɗan karkata in ƙara kwana biyu, ko ya ce wannan siririn bai yi mini ba bari in sa babba don alheri, wallahi ya ɓata aikin. Babban bututun ma ya fi illa, don ba zai cika ba balle ya zuƙa. Kowane canji sai an koma wa mai zane. Haka nan rufi biyu masu tsayi daban, kamar na babban fili da na zauren atisaye a gefensa, ba a haɗa su a layi ɗaya kai tsaye.

Sai ƙarfin zuƙar kanta. Matsin cikin bututun yana sauka ƙasa da na iskar waje, bututu mai sirantar jiki sai ya lotse ya manne. Galibi baƙar robar nan HDPE ake sa wa, a narka bakin a haɗe, ba gam ba. Ita kuma tana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.2 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 1. Bututu mai mita 50, zafi ya canza da digiri 30, ya ƙara santimita 30 ke nan. Dole a ɗaure shi a jikin dogon ƙarfe, in ba haka ba ga miƙewa ga jijjiga lokacin da yake kamawa.

A ƙasa kuma ruwan da gudu yake isowa, sai an faɗaɗa bututun an ba shi rami mai shan iska kafin ya shiga kwalbati, in ba haka ba murfin ramin ma sai ya yi sama. Wasu filayen tanki suke tara shi, kamar na gasar Olamfik ta Sidni a 2000 da Marakana ta Birazil, suna ban ruwan ciyawa da shi.

Ni abin da na fi tsoro shi ne shara. Leda ɗaya, ko sheƙar tsuntsu, ko takardun nan da ake watsawa ranar ɗaga kofi, sun isa su toshe farantin. Da yayyafi ba za ka gane ba, don a lokacin kamar bututun gargajiya yake aiki, sai ranar mamakon ruwa asiri ya tonu. Don haka in za ka duba irin ginin nan, Alhaji, kada kaurin bututu ya dame ka. Ka tambaya ko akwai layi na biyu na ko-ta-kwana da bakinsa ya ɗan ɗara na farko tsayi, ka tambayi wa ke hawa ya share mashigun kafin damina, sannan a nuna maka zanen ka gwada da abin da ke sama. Wassalam.