Kofunan Wigan Warriors da kyaututtukan 'yan wasanta

Ɗan'uwa, ka tambayi waɗanne kofuna Wigan ta ci, da kuma me ya bambanta su da kyautar da ake ba ɗan wasa shi kaɗai. Wasansu ragbi ne na mutum 13, wanda ya fi ƙarfi a arewacin Ingila.

Kofin da ya fi fito da sunan Wigan shi ne Challenge Cup. Sun ɗauke shi sau 8 a jere, daga 1988 zuwa 1995, kuma har yau babu ƙungiyar da ta kama ƙafarsu. Amma a ganina, 2024 ce shekarar da ta fi burgewa. Ƙarƙashin koci Matt Peet suka haɗa kofuna 4 a kaka ɗaya: suka doke Penrith ta Ostiraliya 16-12 a World Club Challenge (karawar zakaran gasar Ingila da na Ostiraliya), suka ci Warrington a wasan ƙarshe na Challenge Cup a filin Wembley, suka ƙare a saman teburin Super League, babbar gasarsu, sannan suka lallasa Hull KR 9-2 a wasan ƙarshe na Super League a Old Trafford.

Kyautar ɗan wasa kuwa daban take. Man of Steel na gwarzon kaka ne, Bevan French na Wigan ya same ta a 2023. Lance Todd ta gwarzon wasan ƙarshe na Challenge Cup ce. A 2024 French ya ɗauke ta, ya kuma zama na farko da aka ba kyautar Rob Burrow ta gwarzon wasan ƙarshe na Super League, mai ɗauke da sunan tsohon ɗan wasan Leeds da ya rasu a watan Yunin shekarar.