Hoton kyamara ko na rada don duba gonakin Jazira?

Malam, ka tambayi wanne hoton tauraron ɗan'adam ya fi dacewa, na kyamara ko na rada, wajen duba birnin Wad Madani da gonakin Jazira a ƙasar Sudan. Da rani ka ɗauki Sentinel-2, tauraron ɗan'adam mai kyamara, yana nuna koren alkama da layin magudanan ruwa sarai, kowane ɗigo na hoton daidai yake da mita 10 a ƙasa. Amma a watan Agusta gajimare kan rufe ƙasa. Nan Sentinel-1, tauraron ɗan'adam mai rada, ke da amfani, domin rada tana ratsa gajimare, dare ko rana. Gine-gine kan fito fari fat saboda bango yana mayar da sigina, ruwan kwance kuma baƙi. Hattara dai, busasshen yashi shi ma baƙi yake fitowa, kada ka ɗauka ambaliya ce. Duka biyun kyauta ake samunsu.