Hukuncin amfani da garin agar da ake samarwa daga jar ciyawar teku

Tambaya: Allah gafarta Malam, sana'ata haɗa alawa mai danƙo, kuma ina zuba wani farin gari da ake kira agar domin ta daskare. Maƙwabciyata ta ce duk abin da ke daskarar da alawa daga fatar alade ake yin sa. Shin ya halatta in ci gaba da amfani da shi ina sayar wa jama'a?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki yanke wa kanki hukunci. Ka'ida ce a wurin malamai cewa ba a hukunta abu sai an san haƙiƙaninsa, don haka za mu fara da asalin wannan gari.

Mafi yawan agar da ke kasuwannin duniya ana tatsarsa ne daga wata jar ciyawar teku mai suna Gracilaria, wadda ke tsirowa a gaɓar teku a ƙasashe masu zafi da masu matsakaicin yanayi, ana kuma nomanta sosai a Sin da Indunusiya da Chile. Akan wanke ta, a dafa ta har danƙonta ya fita cikin ruwa, a tace, a bar shi ya daskare, sannan a matse ruwan, a busar, a niƙa. A jikin kwalin abinci ana rubuta shi da lamba E406. Babu jini a cikinsa, babu ƙashi, babu fata.

Saboda haka agar tsantsa halal ne, kuma mai tsarki ne. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 29, Shi ne ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, kuma daga nan malamai suka fitar da cewa asalin abubuwa halacci ne har sai dalilin haramci ya zo. A Suratul Ma'ida, aya ta 96, ya halatta mana farautar teku da abincinsa. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Idan har mushen dabbar teku ya halatta ba tare da yanka ba, to tsiron da babu maganar yanka a kansa tun farko ya fi cancantar halatta. Ko malaman Hanafiyya, da suka taƙaita halaccin a kan kifi, saɓaninsu a kan dabbobin ruwa yake, bai shafi tsirrai ba.

Maƙwabciyarki ta ji wani ɓangare na gaskiya ne, sai ta ɗora shi a kan abin da ba shi ba. Wanda take nufi shi ne jelatin, wanda ake dafowa daga fata da ƙasusuwan dabbobi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade yake. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce bai halatta Musulmi ya sa jelatin na alade a abinci ba, tunda na tsirrai da na dabbobin da aka yanka bisa shari'a sun wadatar. Akwai malaman da suka yi rangwame da hujjar cewa sarrafawa ta sauya asalinsa, amma a ganina mai sana'ar da ke ciyar da 'ya'yan mutane, ga kuma agar a hannunta, ba ta da buƙatar shiga wannan saɓani.

Ke da kike a bakin tukunya za ki iya lura da bambancin. Agar ba ya narkewa sai ruwa ya tafasa, yana daskarewa a kan faranti ko babu firji, kuma ba ya sake narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85 a ma'aunin Salshiyas. Jelatin kuwa zafin baki ma yana narkar da shi, shi ya sa alawarsa ke saki a lokacin bazara.

Sai dai wannan gwaji ba ya isa hujja idan garin haɗe yake, kuma a nan ne ya kamata ki sa ido. Wasu ƙullin garin alawa sukan zo da agar tare da sukari da kala da ƙamshi, wani lokaci har da jelatin. Ki karanta jerin kayan haɗin da ke bayan leda. Idan agar kaɗai aka rubuta, ki yi amfani da shi hankali kwance, ba a ɗora miki binciken abin da ke bayan haka ba, kuma zato maras dalili ba ya haramta halal. Idan kika ga jelatin ba tare da bayanin dabbar da aka samo shi ko tambarin halal abin dogaro ba, ki bar shi. Wanda ake aunawa a buɗe babu suna kuwa, ki tambayi mai sayarwa ya nuna miki buhun da ya ɗebo shi, domin amanar masu saye daga hannunki tana wuyanki.

Wallahu a'alam.