Ga mai son zuwa Turai karatun hayaƙin da ke cikin kayan ciniki

Ƙanena, saƙonka ya iso, kai ma kana son yin digiri na biyu kan lissafin shiga-da-fita (input-output) na sassan tattalin arziki, ka auna hayaƙin kabon da Najeriya ke fitarwa ta hanyar cinikin waje. To, madalla. Amma kafin ka biya kuɗin biza, zauna ka ji.

Lissafin kansa ba sabo ba ne, na masanin tattalin arziki Leontief ne, wanda ya ci kyautar Nobel a 1973. Kana da jadawalin A, mai nuna abin da kowane sashen tattalin arziki ke saya daga sauran sassa. Ka cire shi daga I (jadawalin da ke da 1 a layin kusurwa zuwa kusurwa, sifili a sauran gurabe), ka juya sakamakon (inverse), ka ninka da hayaƙin da kowane sashe ke fitarwa a kan kowane kuɗin da ya samar, sannan da abin da masu amfani na ƙarshe suka saya. In juya jadawali bai zauna maka ba, ko ba ka taɓa buɗe Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ba, fara tun kana gida, ka koyi pymrio, manhajar Python ta wannan lissafi. A nan Turai ba malamin da zai tsaya koya maka, wurgo maka aikin kawai suke yi.

Inda ake shan wuya shi ne bayanai, wato rumbunan jadawalan cinikin ƙasashe irin su WIOD, EXIOBASE, Eora da GTAP. WIOD na 2016 ƙasashe 43 ne, babu ta Afirka ko ɗaya. EXIOBASE 3 yana da ƙasashe 44, Afirka ta Kudu kaɗai aka ware. Najeriya da Nijar an dunƙule su da sauran nahiyar wuri guda. Eora yana da su biyun, sai dai yawancin alƙaluman ƙasashe irin namu ƙiyasi ne na kwamfuta, don haka kada ka rantse da su gaban masu jarrabawa. GTAP na jami'ar Purdue yana da Najeriya, amma sabon fitowarsa da kuɗi ake saya. Tambayi makarantar ko tana da lasisi tun kafin ka karɓi gurbi.

Sai ƙananan abubuwan da ke cinye wa ɗalibi watanni. EXIOBASE da miliyoyin yuro yake lissafi, Eora da dubban dala. Ka haɗa su ba ka lura ba, lambobinka su tashi sama ba dalili. Sashen da bai samar da komai ba zai sa ka raba da sifili, jadawalin duka ya lalace. Hayaƙin gida kai tsaye, na mota da janareta da girki, ba ya cikin A, kai za ka ƙara shi daban. Jadawalin kayayyaki na EXIOBASE kuma layi 9,800 ne sau 9,800, tsohuwar laftof mai giga 4 za ta tsaya cak.

Na ga ka ambaci harajin kabon na Tarayyar Turai kan siminti, ƙarfe, alminiyam da taki, kana hangen aiki. Wannan da alƙaluman masana'anta ɗaya-ɗaya yake aiki, matsakaicin sashe da za ka fitar ba zai wadatar da su ba. Kuma don Allah kada ka sake ce min in zaɓa maka maudu'i. Sauke Eora26, wato Eora mai sassa 26, ka fitar da lambar hayaƙin Najeriya ta shekara ɗaya, ka turo min mu duba.